Mafitsara Huɗu a Igiya Ɗaya

Likita ya hana ni jan nama, ya hana ni gishiri, ya hana ni hawan keke, amma har yanzu bai tuna da alƙalami ba, don haka bari in yi sauri kafin ya tuna. Kun sha jin labarin makarantata har kun ƙoshi, na sani, domin ina ganin yadda kuke satar kallon juna in na ɗauko shi. Sai dai akwai shekara ɗaya da kullum nake bi ta gefenta. Daga shiga ajin ƙarshe sai ku ji ni tsulum cikin jirgin ƙasa, kamar babu abin da ya faru a tsakani. Ba mantuwa ba ce. Ita ce shekarar da na fi tunawa a rayuwata, kuma ita ce wadda ban fito da farar fuska a cikinta ba.

Kakanku Altine mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Gidanmu yana kusa da Ƙofar Atiku, zaure ɗaya da ɗaki biyu, da rumfar da yake shanya kilishi a kanta. A lokacin Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba, manya suna gudun makarantarsu kamar wuta. In aka ce kowace unguwa ta kawo yaro, sai mai unguwa ya waiwaya cikin talakawansa ya nemi wanda ba zai iya ce masa a'a ba. Mai unguwarmu, Sambo, yana da ɗa sa'ana, bai so ya ba da shi. Ya aika aka kira Baba, suka yi magana a zaure, kashegari aka wanke ni aka sa mini rigar aro aka kai ni. Magatakarda ya tambayi bafaden da ya raka ni daga wane gida, aka ce gidan Sambo, ya rubuta Umaru Sambo, shi ke nan. Inna ta yi kuka kwana uku tana cewa an sayar mata da ɗa ga masu jan kunne. Sai a rana ta huɗu Baba ya yi magana, yana ɗaura warkinsa zai fita.

"Karatu dai karatu na," in ji shi. "In ya iske mugun abu can, shi baro musu abinsu."

Yawancin ƴan makarantar ƴaƴan hakimai ne da aka kwaso daga ƙasashe, ba su san lungunan birni ba. Suka ɗauka ni ɗan mai unguwa ne. Ban taɓa buɗe baki na ce haka ne ba, amma ban taɓa cewa ba haka ba ne, kuma shirun shekara tara ya fi ƙaryar rana ɗaya nauyi. Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane ba. A zamanin, mutum zai ci namanka ya lashe yatsa, amma ba zai ba ka ƴarsa ba, ba kuma zai so ka zauna a tabarmarsa ba. In yaro ya ɓata rigarsa a makaranta, zagin da za a yi masa shi ne ya koma kamar ɗan mahauta, ni ma in yi dariya tare da su. A makaranta muke kwana, ranar Alhamis da la'asar a sake mu, mu koma Asabar da safe. Da na shiga gida abin da nake fara yi shi ne in tuɓe farar rigata in naɗe ta cikin tsumma in cusa a ƙarƙashin tabarma, don kada ta ɗauki ƙaurin kitse. Inna ba ta da haƙurin irin wannan.

"Wagga riga taka sarauniya ta?" in ji ta. "Ko ɗaki guda za mu gina mata?"

Baba kuwa sai ya yi kamar bai ji ba. Daga baya na lura ya daina hura wutar tukuba a cikin gida ranar Alhamis da Juma'a, ya mai da ita bayan katanga. Na lura, amma ban ce na gode ba.

A shekarar da nake ba ku labari ina da kamar goma sha takwas. Aka kawo mana wani sabon Bature, saurayi dogo, mai yawan zufa, muka sa masa suna Mai Lofe saboda lofen tabarsa ba ya barin bakinsa ko da babu wuta a ciki. An kawo shi ne ya koyar da lissafi, amma zuciyarsa tana ga ilimin sinadarai, da ya sami ƴar kafa sai ya zame can. Ya koyi Hausa daga littafi, yana yin ta tsaf tsaf kamar mai taka ƙaya. Kuma kowa ya san shi ne zai zaɓi mutum biyu daga ajinmu da za a tura babbar makaranta can gabas. Ni kuwa ina son tafiyar nan kamar in mutu. Na san in ban tafi ba, abin da ke jirana bai wuce malamin haraji a ƙauye ba, ko wuƙar Baba.

Wata rana ya tambaye mu ko mun san wani kududdufi da ruwansa ke yin ɓulɓul ba tare da kifi ko kwaɗo ba. Na san amsar tun kafin ya rufe baki, domin a bakin wannan kududdufin na yi wayo. Yana bayan mahauta, nan ake zubar da ƙazantar tumbi. Na yi kamar ban san wurin ba. Wani ma'aikacin makaranta ne ya faɗa masa. Da yamma, bayan mahauta sun watse, ya tasa mu gaba har can, ya naɗe wando ya shiga da kwalba cike da ruwa, ya kifa ta, ya sa aka caccaki laka da sanda. Kumfa ta riƙa tasowa tana shiga kwalbar tana korar ruwan. Ƴan ajinmu duk sun toshe hanci suna tofar da yawu. Ni da warin nan yake mini kamar sallamar gida, na kama hancina na toshe fiye da kowa. Da kwalbar ta cika ya fito, ya ƙyasta ashana a bakinta, sai ga wata siririyar wuta shuɗiya tana ci a kan abin da ido ba ya gani. Wani abokina Buhari, ɗan hakimi ne mai bakin tsiya, ya ja da baya yana a'uziyya, har ya zauna cikin laka.

Kashegari a aji Mai Lofe ya ce sunan wannan iska miten, kuma ruɓewar ciyawa a inda iska ba ta shiga ke haifar da ita, ko a ƙasan tafki ko a cikin tumbin saniya. Ya ce kowace ƙwayarta, da ta fi ƙarfin gani, haɗin abu biyar ce: ƙwayar zarra ɗaya ta kabon, wato asalin gawayi, a tsakiya, da ƙwayoyi huɗu na haidurojin kewaye da ita. Sai ya zo kan abin da ya ɗaure su. Ya ce kowace ƙwayar zarra tana da wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ke kewaya ta, sunansu ilektiron. Kabon yana da huɗu a zagayensa na waje, ba ya samun natsuwa sai sun cika takwas. Haidurojin yana da ɗaya, yana neman biyu. To babu wanda ya isa ya ƙwace na wani, babu kuma mai kyautar da nasa. Sai kabon ya kawo ɗaya, haidurojin ya kawo ɗaya, su haɗa su a tsakani, kowa ya ƙirga biyun nan a matsayin nasa. A yi haka sau huɗu, kabon ya cika takwas, kowane haidurojin ya cika biyu, ba wanda ya yi asara. Wannan tarayyar ita ce igiyar da ta riƙe su.

Ya zana a allo, kabon a tsakiya, hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya dama, ɗaya hagu. Muka kwafe. Sai ya ɗauki tsumma ya goge, ya juyo yana murmushi.

"Wannan zane ƙarya ne," in ji shi. "Allo ne a shimfiɗe. Ita ba a shimfiɗe take ba."

Ya ce mu duba da kyau: a zanen, hannun sama yana kusa da na dama da na hagu, amma yana nesa da na ƙasa. A gaskiya kuwa hannuwan huɗu daidai suke, tazarar kowane da sauran ukun ɗaya ce, ba maƙwabci ba bare. Ya ƙi gaya mana yadda siffar take. Ya ce kowa ya tafi gida ya nemi yumɓu da tsinke ya gina ta, ya kawo ranar Asabar, yana so ya ga wanda ke tunani da wanda ke hadda kawai. Bai ce da wannan zai yi zaɓe ba, amma ba wanda bai gane ba.

Ranar Alhamis na isa gida ko rigar ban tsaya naɗewa ba. Na ɗebo yumɓu, na karyo tsinken tsintsiyar Inna, na zauna a gindin rumfa. In na baje tsinkayen, zanen allo ya dawo. In na tanƙwaso su duka ƙasa kamar ƙafafun kujera, biyu su matsu, biyu su yi nisa. Na auna da zare, na rushe, na sake ginawa, har rana ta yi ja. Juma'a ma haka, na dawo daga masallaci na koma kai. Inna ta ajiye mini tuwo ya huce. Da ta gaji ta tsaya a kaina ta ce in gaya mata ko wane irin karatu ne ke cinye mata tsintsiya. Don in kore ta na soma yi mata bayanin tarayyar nan, yadda kowa ke kawo ɗaya amma ya ƙirga biyu, ina zaton za ta ruɗe ta tafi. Ta saurara har na gama.

"To ai wagga katangammu ta da maƙwabta," in ji ta. "Mu muna ƙirga ta cikin huɗummu, su ma suna ƙirga ta cikin huɗunsu, in damana ta taho mu yaɓe ta tare. Wanga shi na abin da anka ɗauke ka shekara tara kana koyo?"

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa bayan haka, ban sami bayanin da ya fi nata ba. Amma a ranar haushi na ji, na ce ai ba wannan ne mai wuyar ba.

Baba ya shigo da la'asar sakaliya, ya wanke hannu, ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ba mutum ne mai tambaya ba, sai dai ya daɗe yana kallon tarin yumɓun da na ɓata. Can ya tambayi abin da ya hana ni cin tuwo. Na gaya masa a gajarce, da muryar wanda ya san ba za a gane ba. Abu huɗu ne, an ɗaure su wuri ɗaya, kowane yana neman ya nisanci sauran daidai wa daida, kuma ba a shimfiɗe ba.

"Huɗu kac ce?" in ji shi. "An ɗaure su wuri guda, kowa shina gudun ɗan'uwanai?"

Na ce haka ne. Ya miƙe ya fita. Ku sani, a mahauta ba a zubar da mafitsarar akuya. Ana wanke ta, a zura mata kara a hura, a ƙulle bakin, ta kumbura kamar ƙwallo, a ba yara su yi wasa. Baba yana da wannan ɗabi'ar tun ina ƙarami, kullum sai ya huro ƴan kaɗan ya ɗaure a igiya ya rataya a kafaɗa, yaran unguwa su bi shi suna roƙo. Bai jima ba ya dawo da guda huɗu da ya zaɓo masu girma ɗaya. Ya zauna ya hura su ɗaya bayan ɗaya, kumatunsa suna cika, jijiyar wuyansa tana tashi. Ya haɗa bakunansu ya ɗaure tamau da igiya ɗaya, ya wurga su tsakar gida.

Suka yi tsalle sau biyu suka tsaya. Uku a ƙasa, ɗaya a sama. Ya sa ƙafa ya ture su, suka mirgina, wadda ke sama ta koma ƙasa, wata ta hau, amma zaman bai sauya ba. Na rarrafa na ɗauka, na juya ta kowace fuska, na sa zarena na auna daga wannan zuwa waccan, sau shida, duk tsawo ɗaya.

"Dibi," in ji Baba. "Ba ni na aza su haka ba, su sunka zaɓi zamansu. In biyu na, su ba juna baya. In ukku na, su baje awa duwatsun murhu. In huɗu na, ukku ƙasa guda bisa, ko ta ina kaw wurga su. Tun ina yaro nig gane haka, ban dai san ana tambaya ba."

Sai da na je babbar makaranta na ji cewa kusurwar da ke tsakanin kowane hannu biyu digiri ɗari da tara da rabi ce, kuma sai bayan shekaru masu yawa na karanta a littattafai cewa dalilin zaman shi ne wanda Baba ya faɗa: abubuwan da aka ɗaure wuri ɗaya suna ture juna har kowa ya sami iyakar sararin da zai iya samu. A ranar dai murna ta rufe ni, na yi ta tsalle kamar ƙaramin yaro, Inna tana dariya tana cewa yau ga ɗan boko ya koma ajin mahauta. Baba ya ce in ɗauki mafitsarar in kai wa Bature yadda take, zai fi ganewa. Na ce to.

Ban kai ba. Da asuba na ajiye ta gabana na kwaikwayi zamanta da yumɓu da tsinke, ƙwallon tsakiya na shafa masa baƙin tukunya, sauran huɗun na shafa musu farar ƙasa. Mafitsarar kuwa, da na fita Ƙofar Atiku, na miƙa wa wasu yara da ke wasa a bakin hanya. Na gaya wa kaina cewa za ta yi wari a aji. Gaskiyar ita ce ina tsoron tambaya ɗaya, wato a ina ɗan mai unguwa ya sami mafitsarar akuya har huɗu.

A aji kowa ya baje nasa a tebur. Na Buhari ya yi kama da gizo-gizon da aka taka. Mai Lofe ya bi su ɗaya ɗaya yana girgiza kai, da ya zo kan nawa ya tsaya, ya cire lofen daga baki, abin da ba mu taɓa gani ba. Ya ɗaga shi sama ya nuna wa aji, ya juya, ya sake juyawa. Ya tambaye ni ko na gani a wani littafi, na ce a'a. Ya ce to yaya aka yi na gano. Na ce tunani na yi. Ya dafa kafaɗata ya ce shekaru sittin da suka wuce manyan masana na ƙasarsu sun sha wahala kafin su yarda da wannan siffa. Bayan mako uku aka kira sunan waɗanda za su tafi gabas, ni da Buhari, shi don ubansa, ni don yumɓu.

Duk Alhamis Baba sai ya tambaye ni abin da Bature ya ce game da mafitsara. Da farko na ce ya gani ya yi murna. Da ya ƙara tambaya na ƙara gishiri, na ce Bature ya ce mahaifina mai basira ne. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haske irin na ranar ba. Ya sa na maimaita masa kalmomin sau uku, ya kira Inna ita ma ta ji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani tun ina makarantar allo, amma na zaci nawa zai kai ni har bakin mota.

Saura kwana goma mu tafi, ranar Laraba da hantsi, muna karatu a gindin durumin makaranta saboda zafi, Mai Lofe yana zaune a teburinsa, yumɓuna yana ajiye gabansa yana danne takardu da shi. Sai na hango mutum ya shigo ta ƙofa da rigar Juma'a, da rawanin da na san na aro ne, da faifan kilishi a rufe a hannunsa. Baba ne. Daga baya Inna ta gaya mini ya kwana biyu yana yin kilishin nan da hannunsa, daga cinyar da ya zaɓa, kuma sai da ya biya ta Hubbare ya yi mini addu'ar hanya kafin ya ƙaraso. Ya zo ne ya yi godiya, kamar yadda kowane uba zai yi, ya kuma ga mutumin da ya ce yana da basira.

Ya tuɓe takalmi nesa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa. Hannuwansa ba su ɓoyuwa, duk tabon wuƙa ne, kuma ko an wanke riga sau goma ƙamshin tukuba ba ya barin mahauci. Na ji Buhari yana raɗa wa na kusa da shi cewa yau an kawo mana mahauta har aji, aka soma ƴar dariya ƙasa ƙasa. Mai Lofe ya amsa gaisuwa da fara'a, ya tambaye shi ko shi wane ne, wurin wa ya zo. Baba ya ɗago kai yana nemana cikin yara, yana murmushi. Ya same ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na ƙura wa ƙafafuna ido kamar yau na fara ganinsu. Ban san tsawon lokacin ba. Da na saci kallo na ga idonsa ya bar kaina ya koma kan tebur, kan yumɓun nan mai baƙi da fari. Ya dube shi, ya sake dubana. Na ga lokacin da ya gane komai, murmushin bai gushe ba, sai dai ya zama na wani mutum dabam.

"Ranka shi daɗe, ni mahaucin gidansu Umaru na," in ji shi. "Mai unguwa yac ce in kawo ma wanga, godiyar karatun yaro."

Mai Lofe ya karɓa ya yi godiya, ya ce a gai da mai unguwa, a gaya masa ya haifi ɗa mai kai. Don ya tabbatar, ya ɗauki yumɓun ya miƙa wa Baba, ya ce ga aikin da yaron ya yi da tunaninsa. Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi a hankali, ya aza shi a tafin hannu, ya ture shi da yatsa ya faɗi ta wata fuskar, uku ƙasa ɗaya sama.

"Ya yi daidai," in ji shi. "Allah shi yi mai albarka."

Ya mayar, ya yi sallama, ya ja da baya har inda takalmansa suke. Ina zaune, harshena yana cikin bakina lafiya lau, ban yi amfani da shi ba.

Daren nan ban san yadda ya wuce ba. Ranar Alhamis da aka sake mu, da gudu na isa gida. Na same shi a zaure yana wasa wuƙaƙe a kan dutse, yana ɗiga ruwa daga ƴar ƙwarya. Na zube gabansa, kuka ya ƙwace mini irin wanda ban yi ba tun ina ɗan shekara tara. Na gaya masa duka, da yaran da na ba mafitsara, da yabon da na ƙaga, da hancin da na toshe a bakin kududdufi. Na rantse masa ranar Asabar zan miƙe gaban Bature da ƴan aji in faɗi ko shi wane ne, in faɗi wanda ya gano siffar, ko da za a soke sunana daga tafiyar. Da gaske nake, Allah ne shaida. Ya bar ni na gama, ya gwada kaifin wuƙar a farcensa, ya ajiye ta.

"Kak ka soma," in ji shi. "Shekara talatin ina kasuwa, ban taɓa ce ma mutum naman jiya na yau na ba. Ƙarya guda niy yi, gaban Bature da ɗiyan sarakuna. In kat tashi kah hwaɗi gaskiya, kai ka hita, ni ka bar ni ciki. Su ce dama mahauci maƙaryaci na."

Na ce to yaya zan yi da kaina. Ya miƙo hannun nan mai tabo ya share mini fuska, kamar yadda yake yi in na faɗi ina koyon tafiya.

"Kyauta ta niy yi ma, Umaru. Ba a mai da kyauta. Tashi ka ci tuwo, kuma kak innakka ta ji."

Ban taɓa jin ƙaunar mutum da kunyarsa sun haɗu sun danne ni lokaci ɗaya kamar ranar ba. Da ya zage ni, ko ya ɗauko dorina, da na sami sauƙi.

Ranar tafiya shi ya ɗauko mini akwati a ka har wurin motar da za ta kai mu Gusau mu hau jirgi. Mai Lofe yana wurin, Buhari yana wurin da mutanen gidansu. Saboda haka Baba ya sauke akwatin ya miƙa wa yaron mota, ya koma gefe cikin ƴan dako ya tsaya, hannuwa a baya. Sauran iyaye suna riƙe da ƴaƴansu suna yi musu nasiha. Da aka ce a hau, na bi ta kusa da shi da gangan. Bai dube ni ba. Sai dai da na gifta ya kama wuyan hannuna ta ƙarƙashin hannun riga, ya matse sau ɗaya, ya saki, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, Allah shi kiyaye hanya, ɗan maigida.

Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Na dawo na zauna a zaurensa, na ci a akushi ɗaya da shi a gaban duk wanda ya shigo, na riƙe masa ƙafar sa ranar Sallah da farar rigata a jikina. Amma maganar ranar Laraban nan ba mu ƙara ta da ita ba, kuma kafin in dawo Mai Lofe ya koma ƙasarsu, ya tafi da abin da aka gaya masa. Na riƙe wa Baba ƙaryarsa kamar yadda ya ce, har Inna ta rasu ba ta ji ba. Yanzu duk sauran waɗanda suka zauna a gindin durumin nan sun riga mu gidan gaskiya, Buhari ne na ƙarshe, bara muka kai shi. Babu sauran wanda zai kira shi maƙaryaci, don haka ina ganin zai yafe mini in na buɗe baki. Ba ni na gano zaman abu huɗu a igiya ɗaya ba. Altine ne ya gano, na Ƙofar Atiku, wanda bai san baƙi ko ɗaya na boko ba. Kuma ba mahaucin gidanmu ba ne. Ubana ne.